Dalilin Yawan Tambayoyinmu a Kasuwa da Gidaje

Dattawa, iyayenmu mata, 'yan kasuwa, direbobi da masu aikin gonakin dabino na nan Samnu, mun gode da kuka saki abin da ke hannunku kuka ba mu aron kunnuwanku.

A makonnin da ke tafe za ku riƙa ganin abokan aikinmu suna zama a rumfunanku, suna sallama a ƙofar gidajenku, da littafi a hannu, suna tambaya. Na san abin da wasunku za su ce, domin an sha faɗa mini shi: mun nemi magani, an aiko mana da masu surutu. Maganar tana da hujja. Baƙin da suka zo suka yi tambaya suka tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba, ba su ƙirguwa. Saboda haka na ga ya wajaba in bayyana muku abin da muke nema, da hanyar da za mu bi mu neme shi, da ƙa'idojin da muka ɗaure kanmu da su, domin in mun kauce ku sami abin da za ku kama mu da shi.

Abin da ya kawo mu shi ne tarin fuka, wanda wasu ke kira tibi. Cuta ce mai warkewa, amma maganinta yana da sharaɗi: wata shida cur ake shan sa, wata biyu na farko da magunguna iri huɗu a haɗe, wata huɗu na baya da iri biyu. Bayan 'yan makonni da farawa sai tari ya lafa, zufar dare ta ragu, abinci ya soma shiga, mutum ya ji kamar ya warke, alhali ƙwayar cutar ba ta gama mutuwa ba. Wanda ya tsaya a nan, cutar tana iya dawo masa, wani lokaci ta dawo a kangare, maganin farko ya daina cin ta, kuma a haka zai shafa wa matarsa da 'ya'yansa da waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi.

To, a kan wannan doguwar hanya tamu, daga Kano da Maraɗi da Damagaram zuwa Agadas, daga can zuwa Dirku da Gatrun har Sabha, ana samun mutanen da ke fara magani su yanke. Littafin asibiti yana nuna haka ƙarara: ga ranar da aka fara, ga ranar da aka zo karɓa na ƙarshe, daga nan sai fili. Littafin ya iya ƙidaya. Abin da ba ya iya faɗa shi ne dalili. Ko tafiya ce ta taso? Ko kuɗin mota zuwa Sabha ne ya gagara? Ko mutum ya ga fitsarinsa ya yi ja ya tsorata, ba a gaya masa tun farko cewa ɗaya daga cikin magungunan ne ke sa haka, kuma ba illa ba ce? Ko tsoro yake yi kada ubangidansa ya ji ya sallame shi? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyaransa daban, kuma in muka yi kintace muka gyara abin da bai ɓaci ba, mun zubar da kuɗi kuma an ci gaba da binne mutane.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wannan bambanci. In ka ƙirga buhunan da suka kwana maka, ka san asararka. In kana son sanin abin da ya sa masu saye suka koma rumfar maƙwabcinka, ƙirga ba za ta gaya maka ba, sai ka zauna ka saurari mutane, ka lura da yadda ake ciniki. Haka bincike yake, iri biyu ne. Akwai na ƙidaya, mai amsa tambayar nawa ne, kashi nawa cikin ɗari. Akwai kuma na sauraro da lura, mai amsa tambayar me ya sa, kuma ta yaya. Tambayar da ke gaban mutum ita ke zaɓa masa wanda zai ɗauka. Tamu a yanzu ta dalili ce, shi ya sa muka zo da kunne.

Daga na gaba ake gane zurfin ruwa, don haka bari in tuna muku abin da ya faru a ƙasar Hausa, da yawanku ma a gabanku aka yi. A shekarar 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna, bisa zargin cewa an sa masa abin da ke hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. A tsakanin nan da bayansa cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da a da suka rabu da ita, har Yemen da Indonesiya, yara da yawa suka shanye. Masu shirya rigakafin suna da alƙaluma cikakku: sun san gida nawa aka shiga, gida nawa aka ƙi. Da aka tambaye su dalili kuwa, amsar da ta fi yawa a bakinsu ita ce jahilci, maganin jahilci kuma a ganinsu shi ne a ƙara shela a rediyo.

Sai wasu masu bincike suka shiga gidaje suka zauna. Maryam Yahya ta yi aikinta a Kano da Bauchi, ta wallafa abin da ta ji a 2007. Elisha Renne, wata malamar jami'a daga Amurka wadda ta daɗe tana zama a birnin Zariya, ta fitar da littafi a kan batun a 2010. Abin da iyaye suka gaya musu ba maganar jahilai ba ce. Cewa suka yi: zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda ne ke kashe mana yara, in mun je asibiti sai mun biya, wani lokaci ma babu maganin, to, ta yaya wannan ciwo ɗaya tak aka ware shi, ake biyo mu da maganinsa har cikin ɗaki, kyauta, sau da yawa a shekara? Sa'an nan mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Ruwa ba ya tsami banza.

Da aka soma ɗaukar irin waɗannan maganganu da muhimmanci, sai salon aiki ya sauya. Daga 2006 aka riƙa haɗa ɗigon shan inna da wasu abubuwan da iyaye ke buƙata, kamar rigakafin ƙyanda da gidan sauro da sabulu. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda aka san iyayensu da mazajensu, su riƙa shiga gidaje. Ba zan ce sauraro kaɗai ne ya kawo ƙarshen abin ba, an kashe dukiya kuma an yi asarar rayukan ma'aikata. Amma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji, kuma ni a ganina wani ɓangare na wannan jinkiri ladan rashin tambaya ne tun da wuri.

Sai dai kada ku ɗauka cewa duk wanda ya zauna ya yi hira da mutane ya yi bincike. Hira ta fi kowane aiki sauƙin lalacewa, domin mutum yakan ji abin da yake son ji, wanda ake tambaya kuma yakan faɗi abin da yake zaton baƙo na son ji. Ni kaina na yi wannan kuskure. A farkon aikina, a wani gari da ba sai na ambata ba, na tara leburori wajen goma domin mu tattauna abin da ke hana su zuwa asibiti. Saboda girmamawa na gayyaci mutumin da suke yi wa aiki, na ba shi kujera a tsakiyarsu. Shi ya fara magana, ya ce yaransa ba su da wata matsala, duk wanda ya ji ciwo yakan ba shi izini. Kowa ya ce haka ne. Na rubuta, na koma ina murna aiki ya yi sauri. Bayan kwana biyu ɗaya daga cikinsu ya tare ni a bayan tasha ya ce, "Malam, duk ranar da ka je asibiti, ranar ba a biyanka, in ka yi kwana uku kuma an sa wani a gurbinka." Rahoton da na rubuta ba shi da ƙarya ko ɗaya a cikin abin da na ji, amma gaba ɗayansa bai da amfani. Laifin nawa ne, domin na zaɓi hanyar da ba ta dace da tambayar ba.

Saboda haka ga yadda muka tsara. Abin da ya shafi sirrin mutum, kamar dalilin da ya sa ya bar magani, ko abin da ya faru tsakaninsa da iyalinsa da aka ji yana da tarin fuka, a keɓe za a yi shi, mutum ɗaya da mai tambaya ɗaya, a wurin da shi ya zaɓa. Ba takarda ce mai "i" ko "a'a" za a cike ba. Za a ce maka ka ba da labari tun daga ranar da tari ya fara: wa ka fara gaya wa, me ka fara sha, ina ka je, nawa ka kashe, a wane gari kake lokacin da magani ya ƙare. Mai tambaya nagari ba ya cewa, "Ai kana shan maganinka kullum, ko?" domin ya riga ya sa maka amsa a baki. Cewa zai yi, "Yaya aka yi da magani a makon da ka yi tafiya?" sa'an nan ya yi shiru. In kun ji ɗayanmu yana jan ku zuwa ga wata amsa, ku gaya masa.

Mata kuwa mata ne za su tambaye su, a cikin gida, ba a gaban miji ko uwar miji ba, amma bayan an nemi izini yadda al'ada ta tanada. Wannan darasi ne da aka koya tun da daɗewa. A 1949 da 1950, lokacin da wani masani mai suna M. G. Smith yake bincike a ƙasar Zazzau, ya tarar cewa rabin rayuwar Hausawa a bayan zaure take, inda shi ba ya iya shiga. Matarsa Mary Smith ce ta zauna da wata dattijuwa, Baba mutuniyar Karo, a Giwa da Zariya, tana rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta. Littafin ya fito a 1954, kuma har yau masu son sanin yadda matan wancan zamani suka yi aure da haihuwa da goyo da sana'a a wurin Baba suke ji. Bakin mace ɗaya ne, amma an ba shi lokaci, an rubuta shi da amana.

Taron tattaunawa yana da nasa wuri. Abin da kowa ya sani kuma ba abin kunya ba ne, kamar lokacin da ya fi dacewa a buɗe wurin karɓar magani, ko kuɗin mota, ko watannin da aka fi yin tafiya, a nan taro ya fi hira a keɓe, domin wani zai faɗa wani ya gyara masa. Mutum shida zuwa goma, tsara da tsara: direbobi daban, masu rumfa daban, leburori daban, kuma ba za a haɗa yaro da ubangidansa ba. Na riga na gaya muku inda na koyi wannan.

Hanya ta uku ita ce lura, domin gani ya kori ji. Za ku ga wani daga cikinmu ya wuni a zaune a wurin jiran likita, ko kusa da kemis, wato farmasi, ko saidaliyya kamar yadda ake cewa a nan, ba ya tambayar kowa komai. Yana duba wa aka fara gani, awa nawa aka jira, da wane harshe aka yi wa mara lafiya bayani, ko ma an yi masa. A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da sakamakon irin wannan zama da aka yi a asibitocin manyan birane biyar, Yamai da Bamako da Dakar da Konakiri da Abijan. Sun nuna cewa tsawa da wulakanci da fifita wanda ya san wani suna cikin manyan abubuwan da ke raba talaka da asibiti. Da ma'aikatan aka tambaya kawai, da ba a ji wannan ba. Kuma ku sani, mu ma'aikatan ƙungiyar nan muna cikin waɗanda za a sa wa ido.

Wa za a tambaya? Nan ma akwai tarko. Mafi sauƙi shi ne mu tambayi waɗanda ke zuwa wurinmu, masu fara'a, masu jin Hausa irin tamu. Amma su ai ba su yanke magani ba. Dole mu nemi wanda ya yanke, da wanda ya kammala duk da tafiye-tafiye, domin mu ji dabararsa. Da matar da ta yi jinya. Da mai sayar da magani. Da mai maganin gargajiya. Da wanda ba shi da takardun zama, wanda shi ne ya fi kowa gudun littafi da biro. Akwai masu Larabci da Tubanci da Buzanci da Barbarci a cikinku, kowa da harshensa za a tambaye shi. Ba mu yanke adadi tun daga ofis ba. Za mu ci gaba har sai mun ga sababbin mutane suna maimaita abin da muka riga muka ji, babu wani sabon abu da ke fitowa. In kuma mutum goma sun faɗi abu ɗaya, na sha ɗaya ya saɓa musu, ba za mu share shi ba, wurinsa za mu koma, domin sau da yawa a bakinsa ne abin da ya kuɓuce mana yake.

Kalmomi ma sai an yi hattara da su. In Bahaushe ya ce yana da sanyi, yana iya nufin mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko ciwon da ake ɗauka ta wajen saduwa. Fuka a bakin wani ita ce asma mai toshe numfashi, a bakin wani kuma tibi ce. Shawara ma haka. In tafinta ya yi gaggawar juya kalmarku zuwa sunan cuta na likita, ya ɓatar da mu duka. Shi ya sa za a rubuta maganarku yadda kuka faɗe ta, kuma za a riƙa tambayarku, "Da ka ce sanyi, me kake ji a jikinka?" Kada ku gaji da wannan.

In kuma ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Murray Last, wanda ya zauna a ƙauyen ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, ya rubuta a 1981 cewa masu bincike sukan matsa wa mutane har su ƙago musu bayani mai tsari game da asalin ciwo, alhali sau da yawa mara lafiya bai damu da asali ba, sauƙi yake nema, ya gwada wannan ya gwada wancan. "Ban sani ba" amsa ce cikakkiya, kuma ta fi mana amsar da aka ƙera don a faranta mana.

Bayan an tattara, ba mutum ɗaya ne zai zauna ya yanke hukunci ba. Mutum biyu za su karanta kowace hira, kowa shi kaɗai, su fitar da abin da suka gani, sa'an nan su gwama. Abin da aka ji a keɓe za a auna shi da abin da aka ji a taro, da abin da ido ya gani, da abin da ke cikin littafin asibiti, kamar yadda ba kwa yarda da farashi sai kun taya a rumfa uku. Kuma akwai iyakar da ba za mu tsallake ba. Wanda ya yi hira da mutum talatin ko arba'in ba shi da ikon cewa kashi kaza cikin ɗari na mutanen Fezzan suna yin kaza. In kun ga mun rubuta haka, mun yi ƙarya. Abin da za mu iya cewa shi ne: ga dalilan da ke akwai, ga yadda suke aiki, ga waɗanda suka fi shafa. In daga baya aka buƙaci sanin yawan kowanne, sai a koma ga ƙidaya, a lokacin kuwa an san abin da ya cancanci a ƙirga.

Saura haƙƙinku, wanda saboda abin da ya faru a Kano ba zan taƙaita shi ba. Ba wanda za a tambaya sai an bayyana masa abin da ake yi, da harshen da yake ji, ya amince. Kana iya ƙi. Kana iya farawa ka tsaya a tsakiya, ko ka tsallake wata tambaya, ba sai ka ba da dalili ba. Ƙin amsawa ba zai hana ka magani ba, amsawa kuma ba za ta sa a fifita ka ba. Ba mu zo rubuta sunayen waɗanda za a raba wa kaya ba, don haka babu ribar ƙara wa labari gishiri. Ba za a rubuta sunanka a jikin maganarka ba, lamba za a sa. Ba za a tambaye ka takardun zama ba, kuma abin da ka faɗa ba zai je wurin hukuma ko ubangidanka ko mijinki ba. Ba za a naɗi muryar kowa a waya ba sai da yardarsa, kuma in an gama rubutawa za a goge. Ba a gwada wani magani a cikin wannan aiki, ba a ɗibar jini. Abu ɗaya ne ba ya hannunmu, gara in faɗa muku: abin da aka faɗa a taro, sauran mahalarta sun ji shi. Don haka sirrinka ka ajiye shi sai an keɓe.

Kafin mu aika da rahoto ko'ina, za mu dawo nan mu karanta muku abin da muka fahimta, maza a wurinsu, mata a wurinsu, ba tare da ambaton kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Inda muka ji ba daidai ba ku gyara mana, kuma gyaran zai shiga cikin rahoton. Ba zan yi muku alkawarin cewa duk abin da kuka nema za a samu ba. Wasu abubuwan suna hannunmu, kamar sauya lokacin karɓar magani, ko ba matafiyi takardar da zai nuna a asibitin Agadas ko Maraɗi ko Kano domin ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wasu sai mun kai su gaban hukumomin lafiya na ƙasashen uku.

Kafin nan, kada kowa ya jira binciken ya ƙare. Wanda ya yi mako biyu yana tari, musamman in akwai rama ko zufar dare ko jini a cikin kaki, ya zo a yi masa gwajin kaki, domin hira ba ta gano cuta. Wanda kuma ya taɓa fara magani ya yanke, ya zo da katinsa in yana nan, in ya ɓace ya zo haka nan. Ba wanda zai yi masa faɗa. Abokan aikinmu mata suna nan gefe domin iyayenmu mata da ke da tambaya, ni kuma ina nan har a tashi daga kasuwa.